Sakin roba

Sakin roba shi ne raguwar ƙarfin riƙon roba a hankali bayan an ja ta an ɗaure, alhali tsawonta bai canja ba. Dogayen zaruruwan sinadarin da ke cikinta ne ke zamewa suna gyara zama. Zafi da iskar oksijin kuma kan tsinka wasunsu, wannan kuwa ba ya gyaruwa. James Clerk Maxwell ya tsara lissafin irin wannan saki a 1867.

A Diffa da kwarin Komadugu, manoman tattasai kan ɗaure mahaɗar tiyon injin ban ruwa da robar tub ɗin taya. Ɗaurin kan yi sako-sako, ruwa ya riƙa yoyo, musamman a zafin Afrilu da Mayu, sai an sake ɗaurewa.