Murya da Ciwon Sukari: Alamar da Tarihin Likitanci Ya Makara Wajen Lura da Ita

Ciwon sukari daɗaɗɗiyar cuta ce. Tun wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wata takardar magani ta Masar ta ambaci yawan fitsari. Ibn Sina ya yi bayanin cutar a littafinsa Al-Ƙanun fi al-Ɗibb, sannan a 1776 Matthew Dobson na Ingila ya tabbatar da cewa zaƙin fitsarin mai cutar daga sukari yake. A tsawon waɗannan ƙarnoni, hankalin likitoci ya karkata ne ga ƙishirwa da rama da fitsari. Murya kuwa ba ta samu gurbi ba.

Dalilin haka a fili yake: maƙogwaro wuri ne da ido ba ya kaiwa. Sai a 1854 Manuel García, wani malamin waƙa ɗan ƙasar Sifen, ya hango tantanin muryarsa ta ƙaramin madubi. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas, sai cutar ta bayyana a jikinsa. Bayan an gano insulin a Toronto a 1921, masu cutar suka fara yin tsawon rai, daga nan ne illolinta masu zuwa sannu a hankali suka fito sarari, ciki har da lalacewar jijiyoyi.

A yau an san hanyoyin da cutar ke bi ta taɓa murya. Yawan fitsari yana busar da baki da maƙogwaro. Sukarin da ya daɗe a sama yana raunana jijiyoyin da ke motsa tantanin murya. Jinkirin narkewar abinci kan jawo ƙwannafi, ruwan ciki ya hauro ya ƙona maƙogwaro. Sakamakon shi ne dashewa, da saurin gajiya, da kasa ɗaga sauti.

Wannan batu ya shafi Hausawan Kamaru kai tsaye. A ƙarshen shekarun 1880 Jamusawa suka kafa sansaninsu a Yawunde, fatake Hausawa kuma suka biyo hanyar ciniki suka zauna. Unguwar Briqueterie, wadda sunanta ya samo asali daga wurin yin bulo, ita ta zama cibiyarsu, kuma nan Babban Masallacin birnin yake. A can, da kasuwanni irin ta Elig-Edzoa, murya jari ce: ladan da liman da malamin allo da maroƙi da ɗan talla duk da ita suke aiki. Idan ta dashe, akan ɗora laifin a kan sanyi ko ƙura, a sha zuma da citta, ba a tunanin gwajin jini.

Alhali masana cutar suna nan kusa. Farfesa Jean Claude Mbanya na Jami'ar Yawunde ta Ɗaya ya shugabanci Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya daga 2009 zuwa 2012, kuma Babban Asibitin Yawunde yana da sashen kula da masu cutar.

Dashewar murya ita kaɗai ba hujjar ciwon sukari ba ce. Amma idan ta wuce mako huɗu, musamman tare da ƙishirwa da yawan fitsari, wajibi ne a auna sukari, a kuma duba maƙogwaro. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.