Dankasari, ƙasar Sarauniya

Dankasari ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Dogon Dutsi, jahar Dosso, bisa babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni. Galibinmu Arawa ne, manoman hatsi da wake, muna zaune tare da Fulani makiyaya. Da an gama girbi, samarinmu sai su kama hanyar cin rani.

Cikin ƙasar nan ƙauyen Lugu yake, inda Sarauniya Mangu ta ja daga da sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Dutsen shari'a na Tunguma ma yana nan kusa. Wannan tarihi a bakin dattawanmu yake, ga su suna ƙarewa. Ku da ke nesa, in kun zo gida, ku kai yara su ji.