Annabi Ayuba Tsakanin Yahudawa da Hausawa

Duk Bahaushen da ya ji sunan Annabi Ayuba, haƙuri ne ke fara faɗo masa a rai. Da ƙissarsa ake lallashin majinyaci, da manomin da geronsa ya ƙone a gona, kamar yadda ya auku a ƙasar Gumel, daga Gagarawa Tasha har Maigatari, a farin 1973. Alƙur'ani ya taƙaita labarin cikin Suratul Anbiya, aya ta 83 da 84, da Suratu Sad, aya ta 41 zuwa 44. Sauran bayanai, irin na tsutsotsin da suka ci jikinsa, ta hanyar Isra'iliyyat suka shigo tafsiri.

A littafin Ibrananci mai babi 42 kuwa, muhawara ce ta fi yawa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo jaje, suka dage cewa Allah ba ya zalunci, saboda haka lalle Ayuba ya yi wani saɓo a ɓoye. Shi kuwa ya ƙi amsa laifin da bai yi ba, ya nemi Ubangiji Ya ji ƙararsa. Da amsa ta zo daga cikin guguwa, ba a faɗa masa dalilin wahalarsa ba, sai aka nuna masa girman halitta da ƙarancin saninsa. Daga ƙarshe abokan nan aka zarga, shi kuwa aka ninka masa dukiyarsa.

Malaman Yahudawa na ƙasashen Musulmi sun yi nazarin wannan da Larabci. Sa'idu al-Fayyumi, wanda ya rasu a 942, ya fassara littafin, ya kira shi Kitabut Ta'dil, ya ce akan jarrabi salihi don a ƙara masa lada. Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya bayyana cikin Dalalatul Ha'irin cewa kuskure ne a auna tafiyar da mulkin Allah da ma'aunin mulkin mutane. Littafin Ayuba ya samu da Hausa cikin Littafi Mai Tsarki na 1932.

Abin lura shi ne, wannan koyarwa ba ta tsaya kan wanda masifa ta faɗa wa kaɗai ba, har da mai zuwa jaje. Idan rumbun maƙwabci ya wayi gari wayam, yakan yi sauƙi a ce alhaki ne ya kama shi. To, wannan ita ce maganar su Elifaz, ita ce kuma aka ƙi karɓa daga gare su.