Layin Caje a Ƙofar Sito: Wa Zai Biya Lokacin Tsayuwa?

Da yawa daga cikinmu, musamman mu da ke karatu a Birtaniya, mun san aikin sito, wato manyan ɗakunan ajiyar nan inda kamfanonin sayar da kaya ke tara hajarsu kafin a tura kantuna ko gidajen masu saye. Wanda bai taɓa yi ba yana da abokin da ke yi don ya haɗa kuɗin haya. Aikin sananne ne: a ba ka 'yar na'ura a hannu tana nuna maka inda kaya suke, kana ɗaukowa kana zubawa a kwando har lokacin tashi ya yi. In an tashi kuma sai a bi layi a bakin ƙofa, a buɗe jaka, a zazzage aljihu, a ratsa ta na'urar gano ƙarfe, sa'annan a fita. Dalilin da ake bayarwa shi ne hana ma'aikata satar kaya. A matsayina na ɗalibin tarihi na ga ya dace mu waiwaya mu ga inda wannan layi ya samo asali, domin tambayar da ke cikinsa ta haura shekara 200 ana jayayya a kanta: in mai dukiya ya tsayar da ma'aikaci don ya kare dukiyarsa, wa zai biya lokacin tsayuwar?

Bari mu fara daga bakin kogin Tems a birnin Landan, a ƙarshen ƙarni na 18. A lokacin jiragen ruwa kan iso cike da sukari da gahawa da barasa daga tsibiran Karibiyan, kayan da bayi 'yan asalin Afirka suka noma ba tare da an biya su ko sisi ba. Jiragen kan tsaya a tsakiyar kogi makonni, leburori na sauke kaya cikin ƙananan kwalekwale. Ladan leburorin nan kaɗan ne, kuma ba kullum ake samun aiki ba, saboda haka akwai tsohuwar al'ada ta kwashe abin da ya zube: sukarin da aka share daga ƙasan jirgi, ɓarɓashin taba, guntun gawayi. Su leburorin suna ganin wannan wani ɓangare ne na haƙƙinsu, 'yan kasuwa kuwa suna ganin sata ce tsagwaronta. Wani alƙali mai suna Patrick Colquhoun ya ƙiyasta cewa ana asarar kaya na kimanin fam 500,000 kowace shekara a kogin, kuma a shekarar 1798 ya jagoranci kafa 'yan sandan kogi a unguwar Wapping, da kuɗin 'yan kasuwar da ke fataucin Karibiyan. Aka shiga cajen leburori in sun sauko daga jirgi, aka hana su sa tufafi masu faɗi da za a iya ɓoye kaya a ciki. A watan Oktoba na wannan shekarar aka ci tarar masu dakon gawayi saboda sun ɗebi gawayi, sai 'yan'uwansu suka far wa ofishin 'yan sandan, har aka yi asarar rai. Shekara huɗu bayan haka, a 1802, aka buɗe tashar West India Docks, wadda aka kewaye da dogon bango da ƙofofi masu gadi. Daga nan siffar da muka sani yau ta kankama: kaya a ciki, bango a kewaye, ma'aikaci kuma abin zargi ne har sai ya wuce ƙofa.

Inda wannan tsari ya kai maƙura shi ne ma'adinan lu'ulu'u na Kimberley a Afirka ta Kudu. A 1883 masu ma'adinai suka fito da tsarin cajen ma'aikata don hana fitar da duwatsu a ɓoye. Turawan da ke aiki a wurin suka yi yajin aiki a 1883 da 1884, suna cewa ba za a tuɓe su ba, kuma daga baya aka sassauta musu. Baƙaƙen fata kuwa, daga 1885 aka fara kulle su a sansanoni, ba shiga ba fita har kwantiragi ya ƙare, ana cajensu tsirara, in za a sallame su kuma a tsare su kwanaki don a tabbatar ba su haɗiye komai ba. Darasin da ke nan shi ne, tsananin caje yakan bi raunin wanda ake cajewa. Wanda ke da murya ana masa da sauƙi, wanda ba shi da gata shi ake tuɓewa.

Batun biyan lokaci kuwa a Amurka aka fi gwabza shi a gaban shari'a. A 1938 aka yi dokar ƙwadago ta tarayya wadda ta kafa mafi ƙarancin albashi da ladan ƙarin lokaci, amma ba ta fayyace daga ina aiki ke farawa ba, kuma a ina yake ƙarewa. A 1946 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar ma'aikatan masana'antar tangaran ta Mt. Clemens cewa tafiyar da ma'aikaci ke yi a cikin harabar masana'anta zuwa wurin aikinsa lokacin aiki ne. Cikin 'yan watanni aka shigar da ƙararraki fiye da 1,500 ana neman kusan dala biliyan 6. Hankalin masu masana'antu ya tashi, majalisar dokoki ta yi maza a 1947 ta zartar da dokar da ake kira Portal-to-Portal, wadda ta ce ba dole ba ne a biya abin da ake yi gabanin ainihin aiki ko bayansa. Sai dai a 1956 kotu ta ce in abin ya zama wajibin da aikin ba ya yiwuwa sai da shi, to a biya, kamar wankan da ma'aikatan masana'antar batir ke yi don wanke guba, ko wasa wuƙa ga masu aikin mahauta.

A kan wannan tsohuwar doka ta 1947 aka auna ma'aikatan sito na zamaninmu. A 2010 wasu ma'aikata biyu a jihar Nevada suka kai ƙarar kamfanin Integrity Staffing Solutions, wanda ke samar wa sito-siton Amazon ma'aikata. Suka ce kullum bayan tashi sukan ɓata kusan minti 25 a layi, suna cire bel da makullai da walat, ba tare da an biya su ba, alhali da an ƙara masu caje ko an rarraba lokacin tashi da layin bai yi tsawo haka ba. Amazon ya musanta cewa ana daɗewa haka. Ranar 9 ga Disamba 2014 alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu baki ɗaya suka ba kamfanin gaskiya. Mai shari'a Clarence Thomas, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa an ɗauki mutanen ne don su ɗauko kaya su ɗaure, kuma ko an soke cajen gaba ɗaya aikinsu zai tafi daidai, saboda haka cajen ba ya cikin aikin da doka ta wajabta a biya. Ya ƙara da cewa maganar rage tsawon layi a kai ta teburin sasantawa da mai kamfani. Abin lura shi ne gwamnatin Obama ma bayan kamfanin ta goya. Ni dai a ganina hujjar ta juya kan mai ita: in har aikin zai tafi daidai ba tare da caje ba, ke nan cajen don amfanin mai kaya kaɗai ake yin sa, to me zai sa ma'aikaci ya biya shi da lokacinsa?

Wasu jihohin sun ga haka. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ƙolin California ta yanke cewa a ƙarƙashin dokar jihar, dole kamfanin Apple ya biya ma'aikatan kantunansa lokacin da suke ɓatawa ana duba jakunkunansu, domin a lokacin suna ƙarƙashin ikon kamfani ne, ba su da damar tafiya. Daga baya kamfanin ya amince ya biya kimanin dala miliyan 30. A watan Yulin 2021 Kotun Ƙolin Pennsylvania ita ma ta yanke irin wannan hukunci a ƙarar ma'aikatan wani siton Amazon. Wato ma'aikaci biyu na aiki iri ɗaya, suna tsayuwa a layi iri ɗaya, amma iyakar jiha ce ke raba wanda za a biya da wanda ba za a biya ba.

A Birtaniya, labarin da ya fi girgiza jama'a shi ne na siton Sports Direct da ke Shirebrook a yankin Derbyshire, wanda aka gina a filin tsohuwar mahaƙar kwal da aka rufe a 1993. Mafi yawan ma'aikatan wurin ba kamfanin ne ya ɗauke su kai tsaye ba, ta hannun kamfanonin dillancin ma'aikata suka shigo, kuma da yawansu baƙi ne daga gabashin Turai. A watan Disamban 2015 jaridar Guardian ta wallafa abin da wakilanta suka gano bayan sun shiga aikin a ɓoye. Bayan tashi ana cajen kowa, a naɗe ƙafar wando, a nuna bakin kamfai, abin yakan ci kimanin minti 15 ba biya. Akwai jerin tambarin tufafi fiye da 800 da aka hana sawa a wurin aiki. Wanda ya makara da minti ɗaya a yanke masa ladan minti 15. Akwai kuma dokar laifi shida, inda yawan hira, daɗewa a bayan gida, ko rashin zuwa saboda ciwo duk kan zama laifi, in sun cika shida a kori mutum. Da jaridar ta lissafa, sai ta ga ainihin abin da ma'aikaci ke samu ya sauko kusan fam 6.50 a awa, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin fam 6.70 ne. Tsoron kora ya kai ga mutane na zuwa aiki da ciwo, har wata mata ta haihu a bayan gidan siton a 2014.

Ranar 7 ga Yunin 2016 mai kamfanin, Mike Ashley, ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokoki ya amsa cewa lallai an biya ma'aikata ƙasa da abin da doka ta tanada saboda layin caje. Rahoton kwamitin da ya fito a watan Yuli ya kwatanta wurin da gidajen aikin talakawa na zamanin Sarauniya Victoria. A watan Agusta, bayan matsin lambar ƙungiyar ƙwadago ta Unite da hukumar haraji, aka amince a biya ma'aikata bashin kimanin fam miliyan ɗaya. A watan Satumba kuma Ashley ya zagaya da 'yan jarida cikin siton, ya tsaya a wurin caje don ya nuna yadda ake yi, da ya zazzage aljihunsa sai ga damin takardun fam hamsin-hamsin a gaban kyamara. A 2019 aka canza wa uwar kamfanin suna zuwa Frasers Group.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa babu sata. Akwai ta, kuma duk wanda ya yi aikin sito ya san ƙaramar waya ko agogo ba su da wuyar shiga safa. Mai dukiya yana da haƙƙin tsare dukiyarsa, mu kuma da aka rene mu a kan riƙon amana ba mu da uzurin ɗaukar ko allura, balle ɗalibin da laifi ɗaya zai iya jawo masa asarar biza da karatu gaba ɗaya. Amma amana hanya ce mai zuwa da dawowa. Minti 15 a rana, kwana 5 a mako, minti 75 ke nan, a mako 48 kuwa awa 60 cif, wato aikin mako ɗaya da rabi kyauta. In an ninka wannan da dubban ma'aikata, za a ga cewa ƙofar da aka kafa don hana ɗaukar abin wani ita ma tana iya zama hanyar ɗaukar abin wani, sai dai wannan ba a kiran 'yan sanda a kansa.

Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne ba a taɓa biyan waɗannan mintoci don tausayi ba. A Mt. Clemens da California da Shirebrook, sai da wani ya zauna ya ƙirga lokacin, ya rubuta, ya kai gaban kotu ko jarida ko ƙungiya. Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa masu wannan aiki ita ce: ku karanta takardar ɗaukar aiki ku ga abin da ta ce game da caje, domin a Birtaniya da yardar ma'aikaci ake yin sa, mai gadi ba shi da ikon taɓa jikin mutum da ƙarfi, ko da yake ƙin yarda na iya jawo ladabtarwa in an riga an sa hannu. 'Yan'uwa mata suna iya neman mace ta caje su a keɓe. Ku riƙa rubuta lokacin da kuka buga katin tashi da lokacin da kuka fita ƙofa, ku adana takardun albashi, ku raba kuɗin da awowin gaskiya ku ga ko ya kai mafi ƙarancin albashi. In bai kai ba, hukumar Acas tana ba da shawara kyauta, hukumar haraji ta HMRC kuma ita ke bin kadin wannan doka, kuma haƙƙin ya shafi ɗalibi baƙo kamar yadda ya shafi ɗan ƙasa. Ku kuma kiyaye ƙa'idar awa 20 a mako da biza ta yanka wa masu karatun digiri a lokacin zangon karatu, don kada wurin neman gira a rasa ido.

Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya kuma tsare haƙƙinmu daga hannun wasu, amin.