Biyar-Biyar a Fili: Tarihin Dokar Canjin 'Yan Wasa a Ƙwallon Kwando

Lokacin da James Naismith, malamin motsa jiki ɗan asalin Kanada, ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a watan Disamba na 1891 a makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar YMCA da ke Springfield, jihar Massachusetts ta Amurka, dokoki 13 ya rubuta, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ta ƙayyade yawan mutanen da za su shiga fili. Ɗaliban ajinsa 18 ne, saboda haka ya raba su tara-tara, abin da ya sa wasan farko a tarihi bai yi kama da na yau ba ko kaɗan. A ra'ayinsa na wancan lokaci, girman ɗakin wasa ne zai yanke hukunci, har ya yarda kowane ɓangare ya tashi daga mutum uku zuwa 40, kuma a Jami'ar Cornell an taɓa gwada wasan da mutum 50 a kowane ɓangare.

Cunkoso ne ya tilasta a sa iyaka. A 1894 aka ɗaura yawan 'yan wasa a kan faɗin fili: biyar-biyar idan bai kai murabba'in ƙafa 1,800 ba, bakwai-bakwai har zuwa 3,600, tara-tara idan ya wuce haka. A watan Janairu na 1896 Jami'ar Chicago ta doke Jami'ar Iowa da maki 15 da 12 a wasan da aka buga biyar-biyar, kuma a 1897 doka ta tsayar da wannan adadi ga maza. Mata sun daɗe a kan wata hanya dabam, domin tsarin da Senda Berenson ta fara a kwalejin Smith a 1892 ya yanka fili gida uku, daga baya ya zama wasan shida-shida, wanda ba a sauya shi da na biyar-biyar a hukumance ba sai 1971, makarantun sakandare na jihar Iowa kuwa suka riƙe shi har 1993, na Oklahoma har 1995.

Tsayar da adadi bai warware batun canji ba, wato fitar da ɗan wasa a sa wani a madadinsa. A dokokin Naismith, canji ya fito ne ta fuskar horo kawai, inda doka ta biyar ta ce wanda ya yi keta sau biyu zai fita har sai an jefa ƙwallo a kwando, wanda kuma ya yi niyyar ji wa wani rauni zai fita gaba ɗaya ba tare da an maye gurbinsa ba. Har kusan shekaru 30 bayan haka, duk ɗan wasan da aka cire ya fita ke nan, ba ya dawowa, don haka mai horarwa kan yi ta jan ƙafa kafin ya taɓa gwaninsa ko da gajiya ta kama shi. A 1921 dokokin kwalejojin Amurka suka ba wanda aka cire damar dawowa sau ɗaya, a 1934 aka mai da shi sau biyu, sannan a 1945 aka cire iyakar baki ɗaya, a daidai lokacin da aka ɗaga yawan ketar da ke korar ɗan wasa daga huɗu zuwa biyar.

Wannan sauyi na 1945 ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi, domin shi ne ya ɗauke ragamar wasa daga hannun 'yan wasa ya miƙa wa mai horarwa. Kafin nan, doka ta hana koci ba da umarni ana cikin wasa, kuma sai a 1949 aka yarda ya yi magana da yaransa lokacin ɗan hutun da ƙungiya kan nema. Da waɗannan dokoki biyu suka haɗu, benci ya zama makami: ana hutar da gwani na 'yan mintoci a dawo da shi, ana sako dogo don tsare kwando a cire shi idan an koma kai hari, ana kuma ɓoye wanda ketarsa ta yi yawa har zuwa ƙarshen wasa. Gudun da aka san ƙwallon kwando da shi a yau ba zai yiwu ba da a ce mutum biyar ne za su ɗauki wasan daga farko har ƙarshe.

Sai dai yawan shige da fice ya haifar da wani kuskure da ba a cika gani a da ba, wato ƙungiya ta wayi gari da mutum shida a fili. Don kauce wa haka akwai tsari mai tsauri: mai son shiga zai fara zuwa teburin masu rubuta maki, ya jira har a tsayar da wasa da agogo, teburin ya busa ƙaho, sannan alƙalin wasa ya yafito shi da hannu. A dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya da aka kafa a Geneva a 1932, idan aka sami fiye da biyar ana wasa, sai a fitar da na shidan a kuma rubuta wa koci laifin ƙa'ida, wato laifin da bai shafi taɓa jikin abokin hamayya ba, kuma ɗaya ɓangaren ya sami jifan kyauta, wanda ake yi daga layi ba tare da mai tarewa ba. Ɗora laifin a kan koci daidai ne, tunda shi ke tura mutum kuma shi ya kamata ya san wanda ya fito.

Giɓin da ke cikin irin wannan hukunci ya bayyana a gasar NBA ta Amurka a ranar 30 ga Disamba, 2008, lokacin da Portland Trail Blazers ta jefa ƙwallo a kwandon Boston Celtics gab da hutun rabin lokaci alhali tana da mutum shida a fili. Alƙalai sun ba da laifin ƙa'ida, amma maki biyun da Travis Outlaw ya ci sun tsaya, domin doka ba ta ba su ikon soke su ba, kuma hakan na nufin mai laifi ya ci biyu ya biya ɗaya. Gasar ta gyara dokar a 2009, ta ba wanda aka cuta zaɓin a soke abin da ya faru a lokacin da mutum shidan ke fili, gyaran da ya kamata a ce an yi shi tun da daɗewa.

A ɗaya gefen, wato ƙarancin 'yan wasa, hukumomin biyu sun rabu. FIBA ba ta fara wasa sai da biyar-biyar, amma tana barin ƙungiya ta ci gaba da waɗanda suka rage har sai sun gaza biyu, sannan a ba abokan hamayya nasara. NBA kuwa ba ta yarda a sauka ƙasa da biyar, shi ya sa a watan Fabrairu na 2014 Robert Sacre na Los Angeles Lakers ya ci gaba da wasa da Cleveland Cavaliers bayan ketarsa ta shida, wadda ta isa ta kore shi, saboda babu sauran mai maye gurbinsa a benci. An rubuta wa ƙungiyarsa laifin ƙa'ida, ya ƙarasa wasan, kuma Lakers ce ta yi nasara.