Rassan galaksinmu: yadda sababbin taurari da gajimaren gas ke tafiya

Galaksi wani katafaren tarin taurari ne, da gas, da ƙura. Wanda Rana take ciki shi ne farin zanen da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda ake kira Voie lactée da Faransanci. Siffarsa kamar faifai ce, kuma daga tsakiyarsa rassa suka fito suna naɗewa kamar gammo. Manya daga cikinsu su ne Perseus, Sagittarius da Scutum-Centaurus. Rana tana cikin ƙaramin reshen Orion.

Komai na cikin faifan nan yana kewaya tsakiya. Nisan Rana daga tsakiyar ya kai tafiyar haske ta shekara 26,000, tana gudun kimanin kilomita 230 a daƙiƙa, kuma zagaye ɗaya yana ɗaukar ta kusan shekara miliyan 230.

Me ya hana rassan cukurkuɗewa?

Taurarin da ke kusa da tsakiya suna gama zagaye kafin na nesa. Da a ce kowane reshe jerin taurari ne tsayayye, da tuni ya ƙudundune. A 1964, masana biyu a Amurka, C. C. Lin da Frank Shu, suka bayyana cewa reshe wurin cunkoso ne. Misalinsa shi ne shingen bincike a kan hanya: motoci suna zuwa, su taru, su wuce, amma cunkoson yana nan. Wasu masanan kuma suna ganin rassan kan ɓace, wasu su sake fitowa. Auna tafiyar taurari ne zai raba wannan gardama.

Haihuwar taurari

Idan gajimaren gas ya shiga reshe sai ya matsu, sassansa su dunƙule su zama taurari. Mafi girma daga cikinsu masu zafi ne, masu shuɗin haske, kuma shekaru miliyoyi kaɗan suke yi su mutu, kafin su yi nisa da mahaifarsu. Shi ya sa suke nuna inda reshe yake. Da irin su ne William Morgan ya gano rassan da ke kusa da mu a 1951. Ƙanana kuwa suna daɗewa, su bazu cikin faifan. Kaza da ’ya’yanta, wadda ake gani da ido, ba ta wuce shekara miliyan 100 da ’yan kai ba, alhali Rana ta kai biliyan 4.6.

Yadda ake aunawa

Ƙura tana tare haske, amma siginar rediyo mai tsawon santimita 21 da iskar haidurojin ke fitarwa tana ratsa ta. An fara kama ta a 1951, kuma ɗan sauyin da ake gani a tsawonta yana nuna ko gajimare yana matsowa ko yana nisa. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda aka harba daga Kourou a 2013, ya auna matsayin taurari fiye da biliyan ɗaya. Da bayanansa aka gano, a 2020, jerin gajimare mai tsawon tafiyar haske ta shekara 9,000 a kusa da Rana, mai suna igiyar Radcliffe. A 2024, tafiyar sababbin taurarin da ke cikinsa ta nuna cewa jerin yana hawa da sauka kamar igiyar ruwa.