Mitar Kati da Sirrin Gida: Dokar Kare Bayanai ta 2023 a Ma'aunin Birnin Katsina

Tsakure

Maƙalar ta auna matanin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 da yadda ake sayen wuta a birnin Katsina. Ta nuna cewa dokar mutum ɗaya take kallo, alhali mita guda kan ɗauki bayanan gida sukutum.

Shimfiɗa

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin kansa da na gidansa. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, bayan ƙa'idojin kare bayanai da hukumar fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar a 2019. Kamfanin KEDCO, mai rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, yana riƙe da sunaye da adireshi da tarihin sayayyar abokan hulɗarsa, don haka dokar ta hau kansa. Cikin abin da ta ɗora masa har da sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su.

Abin da mita ke faɗa

A Amurka, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a shari'ar Naperville ta 2018 cewa karanta mita duk minti 15 bincike ne a cikin gida, ko da yake ta halatta shi. Mitar katin da aka saba gani a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa ba ta kai nan ba, sai dai wannan bai isa a saki jiki ba. Duk lambobi 20 na katin wuta da aka saya suna barin sawu: rana, kuɗi, lambar mita. Wanda ya jera sawun shekara zai gane ranar da albashi ke shigowa, da watan da aljihu ya yi sanyi, da makonnin da aka kulle gida aka yi tafiya. Sannan sayayyar kan bi ta hannun mai POS ko manhajar banki, inda shigar da lambar mita kan fito da sunan mai ita. Baƙo namiji iyakarsa zaure, amma wannan labari fita yake yi ba tare da kowa ya yi sallama ba.

Wane ne mai bayanan?

Nan giɓin yake. Dokar ta ba mutumin da bayanai suka shafa ikon neman ganinsu, gyara su, ko share su. To a gidan haya mai ɗaki shida, sunan mai gida ne a rajista, wataƙila ma yana Kaduna da zama. 'Yan haya ke karo-karo su sayi wutar, rayuwarsu ce ke cikin lissafin, amma kamfani bai san da su ba. Haka gidan gado, inda mita ke amsa sunan mahaifin da ya rasu. Ma'anar da dokar ta bayar ta haɗa da wanda za a iya ganewa a kaikaice, kuma a ganin mai wannan nazari ɗan haya ya shiga ciki. Wahalar tana wajen aiki: da wace takarda zai tabbatar wa ma'aikacin ofis cewa bayanan nasa ne, tunda rasit ɗin da ke hannunsa sunan wani ne a kai?